Shamuwa da Goran Iri

Kowace safiya kafin Jafaru ya fitar da babur, sai ya durƙusa a ƙofar ɗakin mahaifiyarsa ya gaishe ta. Su yi ina kwana, ina gajiya, ya ƙafa, ya ido, har gaisuwar ta ƙare don kanta. Daga nan Umma ta yi masa tambayar da ba ta fashi.

"Jafaru, shamuwa ta zo?"

"Ba ta zo ba, Umma."

"To. Allah shi kawo ta lahiya."

Yau kwana ashirin da uku ke nan yana ba ta wannan amsar, kuma ƙarya ce tsagwaronta. Shamuwa ta zo tuni, har ta fara jidar kirare. Abin takaicin ma, duk faɗin Talata Mafara da Bakura da Maradun, shi Jafarun ne ya fara ganinta bana.

Dalilin ƙaryar ba wani abin ɓoyo ba ne. Ƙauyensu, Ɗorawa Uku, yana hayin tafkin Bakolori ta ɓangaren Maradun. A kakar bara mahaifinsa, Malam Ayuba, ya shiga gona yana zaɓen zangarnun geron da za a ajiye na iri, 'yan bindiga suka tarar da shi suka harbe shi. Da aka je ɗauko gawa, ɗan damin da ya zaɓa yana gefensa. Umma ta sa aka kawo mata shi, ta sussuke da hannunta, ta gauraya da toka don kada ƙwari su ci, ta ɗura a gora ta toshe bakin da tsumma. Kafin sanyi ya shigo, ƙauyen ya watse kaf. Jafaru, wanda ya daɗe a Talata Mafara yana gyaran injin ban ruwa, ya je ya ɗauko ta. Ba ta tsaya kwasar tufafi ko kwano ba, goran nan kawai ta rungumo.

Irin gero ne fari mai zaƙi da Malam Ayuba ya gada daga ubansa, kuma babu shi a kasuwa. A daren da ta iso gidan hayar Jafaru, Umma ta ajiye goran a ƙarƙashin gadonta, ta faɗi magana ɗaya.

"Ranar da shamuwa taz zo, gida za ni in shuka gonar Malam. Ko da rarrafe."

Wanda ya san Umma ya san ba ta faɗin magana sau biyu. Jafaru kuma ya san abin da ke kan hanyar Ɗorawa Uku. Ya binne uba, ba ya son ya je neman gawar uwa. Idanunta sun yi yana, haske da inuwa kawai take bambancewa, ba ta fita ko ƙofar gida, shamuwa kuma ba tsuntsuwa ce mai yawan kuka ba. Sai ya ja kunnen matarsa Taibatu, ita kuma ta ja kunnen matan maƙwabta. Ko da aka yi yayyafi sau ɗaya da la'asar, Umma ta miƙa hannu waje ta shafa, ta ce ruwan da ya riga shamuwa na yaudara ne, Malam bai taɓa shuka a kansa ba. Ƙaryar ta ƙara samun wurin zama.

Kada mai karatu ya ɗauka Jafaru ya zauna ne ya tsara yadda abin zai ƙare. Bai tsara komai ba. Tun ranar da ya ga ubansa kwance tsakanin karan gero wani abu ya daskare a cikinsa, bai sake narkewa ba. Bai yi kuka a wurin jana'iza ba, bai yi daga baya ba. Yana cin tuwo, amma da a ce Taibatu ta manta da gishiri mako guda ba zai sani ba. Duk abin da aka ce masa, amsarsa "to". Jama'a suka yi ta yabonsa, wai ga mai tawakkali. Mutanenmu akwai saurin yabon abin da ba su gane ba, ka bushe a gabansu kamar icce su ce ka iya haƙuri. Shi dai abin da ya sani, kowace safiya akwai tambaya guda, kuma akwai amsar da za ta tsayar da tsohuwa a gida har gobe.

Abu ɗaya da bai daina ba shi ne fita da ƙungiyarsu ta masu kallon tsuntsaye, shi ma don ƙafarsa ta saba ne. Su tara ne. Shugabansu Malam Zaharaddini, tsohon malamin aikin gona da ya yi ritaya amma bakinsa bai yi ba. Akwai Imrana tela, akwai Malama Suwaiba ta makarantar firamare, da sauransu. Da sanyi sukan je bakin tafki su ƙirga kirinjijiya da dinya da zalɓe. Sukan shiga makarantu su roƙi yara su ajiye danƙo. Sun sha zuwa mahauta suna tambayar inda ungulaye suka shige, mahauta na yi musu dariya. In Malam Zaharaddini ya ratsa kasuwa da madubin hangen nesa cikin buhu, don yanzu ba a rataya shi a wuya kada a ce kai ɗan leƙen asiri ne, masu tireda sukan ɗaga murya su ce, "Malam, yau tsuntsu nawa anka haihwa?" Shi kuwa sai ya tsaya ya ba su amsa da gaske, har sai sun yi da-na-sanin tambaya.

Babban aikinsu na shekara shi ne na shamuwa. Suna da kundi mai baƙin bango da ake rubuta ranar da aka fara ganinta, da wanda ya gani, da yawan sheƙarta gari-gari. Dokar kundin biyu ce. Ba a rubuta abin da mutum biyu ba su shaida ba, kuma ba a ɓoye abin da aka gani. Shekara bakwai Jafaru yana burin sunansa ya fito a layin farko, kullum wani ya riga shi.

Bana da ba ya so sai ga shi ya samu. Wata safiya yana tsugune bakin magudanar ruwa a hanyar Bakura, yana kwance injin wani manomin shinkafa, inuwa ta gifta ta kansa. Ya ɗaga kai ya ga baƙar tsuntsuwa mai farin ciki ta sauka a kan rimi tana gyara fuka-fuki. Bai ji daɗi ba, bai ji tsoro ba. Hannunsa mai baƙin mai ne ya shiga aljihu ya ciro waya ya kira Imrana, kamar yadda ya saba. Imrana ya bar keken ɗinki ya zo a guje ya shaida. Sai da Jafaru ya koma gida ya ga takalman Umma a ƙofar ɗaki sannan ya tuna abin da ya jawo. Tsuntsun da ya ja ruwa kuwa shi ruwa kan doka.

Bayan mako biyu aka raba garuruwan da za a je ƙirgar sheƙa. Ƙauyukan da ba su shiguwa ta ƙasa, akan bi masunci a jirgi a hango su daga cikin tafki. Malam Zaharaddini ya dubi Jafaru ya ce in ba zai iya zuwa nasu ba a tura wani. Jafaru ya ce, "To, ni tahi." Suka shiga jirgi shi da Imrana. Masuncin ya ƙi matsawa kusa da gaɓa, ya tsaya nesa yana waige-waige. Jafaru ya ɗora madubi a ido. Ga ɗorawar nan uku. Ga masallaci ba ƙyaure. Ga tsamiyar gidansu, wadda tun yana yaro ba ta taɓa rasa sheƙa ba, don ubansa yakan hau ya ɗaura tsohon kwando a reshe saboda baƙuwar damina ta sami wurin farawa. Ya bi ta reshe-reshe har sau biyu. Ya miƙa wa Imrana shi ma ya duba. Sannan ya ciro biro ya rubuta "babu", ya sa sunansa, kamar yana rubuta lambar wani ƙarfen inji.

To ƙungiyar tana da wata al'ada da Malam ya ƙirƙiro kuma yake ji da ita. Idan an gama ƙirga, duk a taru a gidan wanda ya fara ganin shamuwa, a kai masa sabon kwando ya ɗaura a itacen ƙofar gidansa. Sannan a karanta kundin shekara a gaban mafi tsufa a gidan, shi kuma ya sa albarka. Hikimar Malam ita ce, abin da tsoho ya sa wa albarka, yaron gidan ba ya jifansa da danƙo.

Ranar Laraba, wato rana ta ashirin da uku, Malam ya tsaya a rumfar Jafaru da tsohon kekensa.

"Assabat muna nan tahe da hantsi. A shaida ma tsohuwa."

Jafaru ya ci gaba da goge fulogi. "Malam, da an yi shi makarantar su Suwaiba. Gidan ƙarami na."

"Kai, haba! Mu tara ɗai muke, ba sojoji ba. Shekara bakwai kana nema, Allah ya ba ka, sannan ka hana uwarka ta ji sunan ɗanta cikin littahi? Matag ga ta ga baƙin ciki, bari ta ji abin daɗi ko sau guda."

Nan ne wurin da ya kamata Jafaru ya buɗe baki. Kalma goma ta isa. Amma yaya mutum mai 'ya'ya zai dubi dattijo ya ce kullum da safe durƙusawa yake yana yi wa uwarsa ƙarya?

"To," in ji shi.

Alhamis da Juma'a ya ba Umma amsar da ya saba. Taibatu ta tare shi a madafa ta ce ya yi wani abu, ko ya kira Malam, ko ya gaya wa tsohuwa da bakinsa kafin baƙi su gaya mata. Ya ce to. Asabar da safe ma Umma ta tambaya, ya ce ba ta zo ba, ya ƙara da cewa abokansa za su zo gaishe ta.

Da hantsi suka iso, babura huɗu da keken Malam, Imrana ya ɗauro tsani da kwanduna shida. Taibatu ta shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, aka kamo hannun Umma aka zaunar da ita a bakin ƙofarta. Aka yi gaisuwa mai tsawo, kowa da tasa, aka sake yi mata ta'aziyyar Malam Ayuba, aka yi addu'a. Jafaru yana zaune can gefe kusa da randa, ya zuba wa ƙasa ido. Malam Zaharaddini ya gyara murya ya buɗe kundi.

"Umma, albishirinki. Mu masu bibiyar tsuntsaye muna da al'ada, dut wanda yaf fara ganin shamuwa, gidansu muka zuwa neman albarka. Bana ɗanki Jafaru ya riga kowa."

Umma ba ta motsa ba. "Shamuwa ta zo ke nan?"

"Ai tuni!" Imrana ya karɓe, baki har kunne. "Ni nis shaida mashi, bisa rimin hanyar Bakura. Yau kwana ashirin da shida cur."

Taibatu ta sulale ta shige madafa. Malama Suwaiba, da yake mace ce mai lura, ta dubi Jafaru ta dubi tsohuwa, murmushinta ya ɗauke. Umma ba ta juya wajen da ɗanta yake ba, ko da yake ta san inda yake zaune sarai.

"Ashirin da shida," in ji ta. "Madalla. Taibatu, ɗauko mani gorana ƙarƙashin gado."

Aka kawo. Ta ɗora shi a cinya ta dafa da hannu biyu, irin riƙon wanda ke jiran mota. Jafaru ya ga haka, ya san abin da ake nufi, amma jikinsa bai ba shi komai ba sai nauyi. Malam kuwa bai fahimci ana wani abu ba, don mai karatu da ƙarfi ba ya ganin fuskar jama'a. Ya shiga jero garuruwa, ana amsawa da "Allah shi ƙara" kamar yadda aka saba.

"Damri, sheƙa goma sha huɗu. Jangebe, tara. Dosara, shida. Bakura cikin gari, ashirin da ɗaya. Talata Mafara, bara sha tara, bana talatin da uku. Kun gani? Shamuwa mutane taka bi, ba itace ba. Inda jama'a sunka taru, nan taka zuwa. Sai Ɗorawa U..."

Ya tsaya cak. Sai a lokacin ya tuna gaban wa yake karatu. Ya kai yatsa baki zai juya shafi.

"Karanta, Malam," in ji Umma. "Idona ad da ciwo, kunnena lahiya lau."

Malam ya dubi Jafaru yana neman ceto, bai samu ba. Dokar kundin kuma shi ya kafa ta da bakinsa.

"Ɗorawa Uku. Bara sheƙa bakwai. Bana babu."

Ba wanda ya ce Allah shi ƙara. Wata kaza ta ratsa tabarma, ba wanda ya kore ta.

"Wa yad duba?"

"Jafaru da Imrana, daga cikin jirgi."

Sai yanzu ta juyo da fuskarta wajen ɗanta. "Jafaru."

"Na'am, Umma."

"Wagga magana ta littahi ce, ko irin wadda kaka ba ni da sahe?"

"Ta littahi ce."

"Ka duba tsamiyar gidanmu?"

"Na duba. Sau biyu."

"Kwandon da ubanka yaɗ ɗaura?"

"Shina nan. Ba komi ciki."

Umma ta shafa wuyan goran da babban yatsa.

"Shekarata hamsin gidan can ba ta taɓa tsallake mu ba," in ji ta. "Ko shekarar yunwa ta zo. Amma ba ta zama inda ba hayaƙi." Ta ɗaga hannu ta shafa fuska. "Allah shi yi muku albarka, ku da tsuntsayenku. Ku tai ku yi ɗaure-ɗaurenku, bayan azahar ku dawo. Baƙo ba shi barin gidana da baki busasshe."

Suka miƙe kowa yana kakkaɓe riga ba tare da ya dubi ɗan'uwansa ba. A ƙofar gida aka jingina tsani a jikin dalbejiya, Jafaru ya hau ya ɗaura kwandon farko, aka yi masa tafi na dole. Malam ya matso ya kama hannunsa yana cewa, "Ban sani ba, Jafaru. Don mi ba ka hwaɗa mani ba?" Jafaru ya ce ba komai. Ya so ya zauna gida, amma uwarsa ta ce su tafi, yau kuma ba shi da bakin musa mata. Ya leƙa ya ce wa Taibatu kada ta bari tsohuwa ta fita. Taibatu ta ce, "In tat tashi, ni ka tare ta?"

A makarantar firamare suka ɗaura sauran kwanduna biyar. Malama Suwaiba ta tara yaran unguwa tana nuna musu shamuwa biyu da ke kan wata tsohuwar tsamiya a bayan aji, ana ba su madubi ɗaya bayan ɗaya suna ihu. Jafaru yana bisa tsani yana ƙulla igiya, lissafi na tafiya a kansa shi kaɗai. Yanzu ta ɗaura gyale. Yanzu ta sa wani ya tsayar mata da ɗan kabu-kabu. Yanzu tana bakin tafki tana tambayar mai jirgin da zai haye da ita, kuma za a samu, don ba a rasa mai jin kunyar tsohuwa. Yana lissafin kamar labarin uwar wani ne. Ya gama ƙullin, ya ja ya tabbatar ya yi ƙarfi, ya sauko. Bai yi wa kowa sallama ba ya hau babur.

Tun daga bakin lungu ya ji daka. Ya kashe babur ya tura shi. A rariyar gidansu ruwa ne ke fitowa, ba mai kumfa ba, mai launin toka, ya kwanta a kwata ya yi fari-fari. Ya tsaya yana kallonsa kafin ya shiga.

Umma tana tsaye a kan turmi, ta ci ɗamara da gyalenta, tana kirɓa da ƙarfin da bai san tana da sauransa ba. Tukunya na tururi a murhu. Taibatu na tsugune tana barbaɗa gari a faranti, idanunta jawur. Goran yana kife a gindin randa, tsumman bakinsa a ƙasa.

"Na hana ta," in ji Taibatu. "Tac ce in miƙo taɓarya."

"Umma, mi kunka yi haka?"

"Hura nika yi ma baƙi."

"Wanga fa iri ne."

Ta tsayar da taɓarya ta jingina a kafaɗa tana haki.

"In da gona, iri ne. In babu gona, gero ne. Tai ka sayo nono wurin Hussaina, ka ce mata mai kyau."

Ya je. Hussaina Bafulatana ce da ke zaune a ƙarshen lungu, su ma an kore su daga rugarsu an kwashe shanun, sai 'yan biyu da suka rage. Ta auna masa ta ƙara gyara, ta ce a gaida tsohuwa.

Bayan azahar 'yan ƙungiya suka dawo, ba hayaniya irin ta safe. Umma ta dama furar da kanta a babbar ƙwarya, aka zuba wa Malama Suwaiba tata ta shiga wajen Taibatu, maza suka kewaye sauran. Imrana ya kai ludayi baki ya lumshe ido, ya ce rabonsa da fura irin wannan tun kakarsa na da rai. Malam Zaharaddini ya kurɓa, ya tsaya, ya sake kurɓa. Shekara talatin yana koyar da aikin gona, harshensa ya san geron kasuwa.

"Umma, wane gero ne wanga?"

Idonsa ya kai kan goran da ke kife, ya ajiye ludayin a hankali.

"Sha, Malam," in ji ta. "Ba a maishe shi."

Dattijon ya ɗauka ya sha, ya miƙa wa Jafaru ba tare da ya dube shi ba.

Jafaru ya karɓa don an miƙo masa. Ya kurɓa. Wata bakwai ke nan komai ya sa a baki ɗaya yake da ruwa, amma wannan ya ji shi. Ya ji zaƙin nan da ke zuwa daga baya, wanda ubansa yakan kawo gona a ɗan kwano ya ce su sha su tashi rana na yi. Baƙin ciki ya taso masa. Ya so ya ajiye ludayin, sai ya ga Umma ta karkato kunne wajensa tana saurare. Ya haɗiye. Ya sake ɗiba. Haka suka yi ta zagayawa har aka ga gindin ƙwarya, Imrana ya kankare sauran.

Da suka tashi tafiya Malam ya durƙusa a gaban Umma ya daɗe yana neman gafara. Ta ce bai yi mata komai ba, karatu ya yi, kuma ya karanta daidai. Taibatu ta ɗauki goran ta rasa inda za ta kai shi, ta tsaya da shi a hannu. Umma ta ce ta wanke ta riƙa zuba gishiri.

Washegari da safe Jafaru ya durƙusa a ƙofar ɗakin. Suka yi ina kwana, ina gajiya, ya ƙafa, ya ido. Gaisuwar ta ƙare. Ya ci gaba da durƙuso yana jira. Umma tana zaune a bakin gado tana jan carbi, ƙarƙashin gadon fayau. Ta gama zagaye ɗaya ta kama wani. A waje, kan dalbejiya, wani abu mai nauyi ya sauka har reshe ya girgiza, busassun ganye suka zubo tsakar gida.

"Umma," in ji Jafaru. "Shamuwa ta zo."

"Na jiya," in ji ta. "Allah shi ba masu gona sa'a. Tashi ka tai aiki, ka makara."